Kawu ya hana a ba Mama mofin, wai allurar ƙarasawa ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata na fama da sankarar mama, likitoci sun ce ta riga ta kama ƙashin baya, abin da ya rage sai rage mata raɗaɗi. Daren Juma'a ciwo ya taso mata har tana ihu, muka kai ta imajansi. Likitan da muka tarar ya rubuta mofin, wani maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, Kawu ya ce atafau, wai ita ce allurar da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi don a ƙarasa shi. Ya sa hannu muka dawo gida. Yanzu wani mai kemis ke zuwa yi mata allura safe da yamma, amma ba ta barci, mu ma haka. Mun yi kuskure ne? Daga wata ɗiya a Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa: likitan nan ya yi daidai, kuma ku mayar da ita yau, kada ku jira wani dare irin wancan.

Wannan magana ta Kawu kullum sai na ji ta, kuma tana ci mini rai, don na san inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa yarda a ba majiyyaci mofin sai ya kai gargara. Sai a yi allurar da magariba, ya cika da asuba, a wurin zaman makoki a ce allura ce. Wanda ya ji ya hana nasa, shi ma sai a kai shi a makare. Cutar ce ta yi kisan, maganin dai ya zo ne a ƙurarren lokaci. Ina da majiyyata da suka yi watanni suna shan mofin, suna alwala da kansu, suna zama a tabarma ana hira da jikoki.

Ba a ba da shi da ka. Ga wanda bai taɓa sha ba, ana farawa da kaɗan, galibi miligiram 2.5 zuwa 5 na ruwa ta baki, duk bayan awa 4, a riƙa dubawa ana ƙarawa gwargwadon ciwon, a rage idan ƙoda ta yi rauni. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wannan tsari na maganin raɗaɗin sankara, kuma bisa agogo ake sha, ba a jira sai ihu ya tashi. Kwana biyu ko uku na farko za ta yi gyangyaɗi da ɗan tashin zuciya, su wuce. Taurin bayan gida ne ba ya wucewa, don haka kada ku bar asibiti ba a haɗa muku da maganin sassauta ciki ba. Idan aka tashe ta ba ta farka ba, ko numfashinta ya yi jinkiri sosai, a tsayar da maganin a kawo ta, akwai makarinsa a asibiti, sunansa naloxone.

Na san da tsoron "za ta zama 'yar ƙwaya". Abin da kodin da tiramol suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ya sa kowa na gudun irin waɗannan magunguna. To amma tsohuwar da sankara ke cin ƙashinta me ya haɗa ta da yaron da ke neman maye? Ana azabtar da uwa saboda laifin 'ya'yan wasu.

Mai kemis kuwa ku sallame shi. Abin da irinsu suka fi yi shi ne diklofenak ko fentazosin, kullum a cinya ko ɗuwawu, ba awon ƙoda, ba lissafi. Na farkon idan aka daɗe ana yi yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, na biyun yana jawo ƙurji a wurin allura kuma yana rage aikin mofin idan aka haɗa su. Haka kuma ku guji masu lasifika a kasuwa da ke rantsuwa suna warkar da ciwon daji a mako guda.

Idan kun koma, ki tafi da duk takardunta da kwalayen abin da aka yi mata. Imajansi wuri ne na masu haɗarin mota da masu zubar jini, ba za ta samu natsuwa a can ba, saboda haka ki ce wa likita a fili: a kwantar da ciwon, a tsara mana maganin gida, a faɗa mana kantin maganin asibitin da za mu riƙa karɓa, don ba a sayar da mofin barkatai. Ki roƙi Kawu ya bi ku, likita ya yi masa bayani da bakinsa cikin girmamawa. Ƙaunar 'yar uwarsa ce ta sa shi tsoro. Ita ma Hajiya a tambaye ta abin da take so, jikinta ne. Ku kuma raba kwanan jinya, kada ki ɗauke shi ke kaɗai.

Abu guda kada ku yi wasa da shi, tunda ƙashin baya ne: idan ƙafafunta suka yi nauyi ko suka mutu farat ɗaya, ko fitsari ya tsaya, ku kawo ta a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.