Kwalta da bazara: me ya sa Baba ya ƙone bai ji ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da ciwon suga. Ranar Juma'a ya bar takalminsa a mota, ya tako daga bakin titi har harabar masallaci a nan Gombe. Da dare muka ga bororo biyu a tafin ƙafarsa, shi kuwa ya ce bai ji komai ba, wai ƙafarsa ta saba tun yana noma. Anya kwalta tana ƙona mutum haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Ƙwarai kuwa tana ƙonawa, kuma rashin jin zafin da ya yi shi ne ya fi tayar mini da hankali.

A watannin Maris da Afrilu zafin Gombe yakan kai digiri 40, amma wannan na iska ne a inuwa. Kwalta baƙa ce, tana shanye rana tun hantsi, daga azahar zuwa la'asar sai ta haura digiri 60. A wannan zafin, fata mai laushi cikin daƙiƙoƙi take ƙonewa. Siminti da yashi ma suna ɗaukar zafi, murfin kwalbati na ƙarfe kuwa ya fi su duka. Alhazai sukan ce ai suna ɗawafi da rana ba takalmi. Daɓen Harami farin marmara ne daga tsibirin Thassos na ƙasar Girka, yana mayar da hasken rana, ba ya riƙe zafi kamar titinmu.

Kaushi yana ɗan jinkirta ƙuna, ba ya hana ta. Mai lafiya da ya taka kwalta mai zafi zai yi ta ɗage ƙafa yana neman inuwa, wannan raɗaɗin ne ke cetonsa. Shi kuwa suga idan ya daɗe, yakan lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa zuwa ƙwaƙwalwa. Sai mutum ya yi tafiyarsa a natse, fata tana dahuwa bai sani ba. Ga shi jini ba ya isa ƙafar sosai, don haka ɗan bororo kan zama gyambon da ya ƙi warkewa, wani lokaci har ya kai ga yanke yatsa.

Saboda haka ku kai Baba asibiti yau, kada ku jira gobe, ko da ya ce ba komai. Kafin ku tafi, kada a fasa bororon da allura, fatar da ta taso ita ce ke tare ƙwayoyin cuta. A wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji ko ƙyalle wankakke ba tare da ɗaurewa tamau ba, ya kuma rage taka ƙafar. Ban da makilin, manja, ɗanyen ƙwai ko toka. A asibiti a auna sugansa, a gwada jin ƙafar, a tambayi allurar tetanus. In kun ga ja yana yaɗuwa, kumburi, mugunya, wari ko zazzaɓi, ko da tsakar dare ne ku tafi.

Da a take aka gane, abin yi shi ne a riƙa zuba ruwa mai ɗan sanyi na minti 20. Ruwan randa ya isa. Ƙanƙara ƙara lalata fatar take yi.

Nan gaba, takalmi mai rufi da safar auduga ya fi masa silifas, kuma ya cire shi a bakin tabarma, ba a mota ba. Takalmin roba da aka bari a rana shi ma yana ƙuna, a kife shi ko a sa a leda a shiga da shi. Kowane dare wani ya duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila.

Yara masu tatata ma fatarsu siririya ce, kuma in sun ji zafi tsayawa suke yi wuri guda suna kuka. Kafin a sauke yaro a tsakar gida, a ɗora bayan hannu a ƙasa a ƙirga zuwa bakwai. In hannu bai jure ba, a goya shi ko a sa masa takalmi.