Maniyyi biliyoyi, maraƙi ɗaya: wa ke tsare ƙofar ƙwai?

Tambaya: Likita, ina kiwon shanu gudali a wajen Ngaundere. Na ji an ce a barbara ɗaya sa yana zuba ƙwayoyin maniyyi biliyoyi. To me ke hana su shiga ƙwan saniya gaba ɗaya? Ko tagwaye daga nan suke fitowa?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara albarka a garke. Mutane suna ɗauka tsere ne kawai, wanda ya riga isa shi ke da ƙwai. Ni a ganina an rage wa ƙwan daraja, domin shi ke tantance baƙo, shi ke kuma rufe ƙofa, kuma da furotin, wato sinadaran da ke gina jiki, yake yin duka biyun.

Ƙwan saniya, da na akuya, da na 'yar Adam, yana lulluɓe da wani bawo mai suna zona pelusida. Furotin ne suka saƙa shi, ana kiran su ZP1 zuwa ZP4 a jikin mutum, ɓera kuwa uku gare shi. A 1980 Bleil da Wassarman suka nuna ZP3 a matsayin wanda maniyyi ke kamawa a ƙwan ɓera. Binciken da ya biyo baya ya nuna ZP2 ma ba kanwar lasa ba ne. Wannan bawon na daga cikin abin da ke hana maniyyin wata dabba ta nesa shiga.

Bayan bawo sai fatar ƙwan kanta. A 2005 masu bincike a Osaka ta Japan suka gano furotin Izumo1 a kan maniyyi, amma an yi shekara tara ana neman abokin haɗinsa a jikin ƙwai. A 2014 Enrica Bianchi da Gavin Wright a Ingila suka same shi, suka sa masa suna Juno. Macen ɓeran da aka cire mata Juno lafiyarta ƙalau, tana fitar da ƙwai, amma ba ta ɗaukar ciki sam.

Ga amsar tambayarka. Da zarar maniyyi ɗaya ya haɗe da ƙwai, wasu 'yan jakunkuna da ke ƙarƙashin fatar ƙwan sai su fashe, su saki sinadarin obastasin. Shi ke yanka ZP2, bawon ya taurare. Juno kuma yana zubewa daga fatar cikin kamar minti arba'in a ɓera, na baya in ya iso bai da abin kamawa. In biyu suka kutsa, ƙwayoyin gado sun yi yawa ke nan, kuma irin wannan cikin ba ya ɗorewa.

Tagwaye kuwa daban suke. Ko saniya ta saki ƙwai biyu kowanne da maniyyinsa, wanda shi ya fi yawa a shanu, ko ƙwai ɗaya ya rabu biyu bayan ya haɗu. Ka lura, in tagwayen mace da namiji ne, galibi macen juya take zama, don haka kada ka ajiye ta da niyyar haihuwa sai likitan dabbobi ya duba ta.