An Riƙe Fermina Kan Gudun Wuce Kima a Hanyar Tawa: In Biya Tara Ko In Je Gaban Alƙali?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni direba ne, ina jigilar fasinja da ƙaramar mota tsakanin Ƙonni da Tawa. A mashigar wani gari jami'an hanya suka tsayar da ni, suka ce na'urarsu ta kama ni ina gudun kilomita 78 a awa a wurin da aka kayyade 50. Ni dai a sanina allurar motata ba ta wuce 50 ba, kuma a daidai lokacin wata babbar bas tana wuce ni. Sun riƙe fermina sun ba ni takarda, ban biya ba tukuna. Abokan aiki a tasha sun ce in biya in karɓi fermi, daga baya in kai ƙara. Haka ake yi? In kuma na je kotu, me zan faɗa?

Wani direba daga Tawa

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam direba. Shawarar da aka ba ka a tasha ita za mu fara gyarawa, don ita kaɗai ta isa ta rufe maka ƙofar kotu. Gudun wuce kima da bai jawo haɗari ba galibi yana cikin ƙananan laifuka, waɗanda takardun hukuma ke kira contravention. Tarar da ake biya nan take a kan irin wannan laifi an yi ta ne don a kashe magana ba sai an je gaban alƙali ba. Wanda ya biya ya karɓi rasit, ana ɗauka ya amsa laifinsa, ƙarar kuma ta mutu. Ko ka biya magana ta ƙare, ko ka ƙi biya ka nemi a tura takardar gaba, ba a haɗa biyun. Tunda ba ka biya ba, hanya a buɗe take.

Amma kafin ka taka ƙafa zuwa ko'ina, je ka duba agogon gudun motarka da kyau. Lambobin da ka ba mu sun sa mu shakka. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka, manyan lambobin agogonsu mil suke ƙirgawa, kilomita kuma ƙananan lambobi ne a ciki. Mil ɗaya kilomita 1,6 ne. Allura a kan 50 a irin wannan agogo tana nufin kilomita 80 a awa, wato dab da 78 ɗin da aka ce na'ura ta nuna. Idan ka ga an rubuta MPH a jikin agogon, to jami'an sun yi daidai, ka biya ka huta, daga yau kuma ka riƙe cewa 50 na cikin gari shi ne 31 a agogonka. Abu na biyu taya ne. Direbobi da yawa na sa tayar da ta fi ta kamfani girma saboda ramuka da kaya. Motar da ta zo da 195/65 R15 aka sa mata 205/70 R15, tayarta ta ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100, agogo kuma bai san an canza ba, yana nuna 60 alhali tana 63. Wannan ba zai mayar da 50 ya zama 78 ba, sai dai yana da kyau ka san gaskiyar motarka tun kafin a tambaye ka. Gwajin ba wuya: wani ya zauna kusa da kai riƙe da waya mai GPS a kan hanya miƙaƙƙiya, ku kwatanta abin da wayar ta nuna da na allura. Kuma ka sani, "agogona ne ya lalace" ba ya wanke mutum a gaban alƙali, domin kula da lafiyar mota nauyin mai tuƙa ta ne.

Idan agogon na kilomita ne kuma lafiyarsa lau, sai mu dubi abin da za ka tarar a kotu. Dokar hanya ta Nijar, mai lamba 2014-62 ta 5 ga Nuwamba 2014, ita ce tushen ƙa'idojin tuƙi, amma yadda ake gudanar da shari'ar yana cikin kundin tsarin shari'ar laifuka wanda ya samo asali tun 1961 aka yi ta yi masa gyara. A wannan tsari, takardar da jami'i mai rantsuwa ya rubuta a kan ƙaramin laifin da ya gani da idonsa, wato PV, ana ɗaukar ta gaskiya ce har sai an kawo abin da ya rushe ta. Abin da ke rushe ta kuwa rubutacciyar hujja ce ko shaidu. Nan ne yawancin masu ja suke faɗuwa. Mutum ya zo ya rantse cewa shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa buge ko akuya ba, alƙali ya saurare shi da mutunci, sannan ya yanke masa tara, saboda maganar baki kaɗai ba ta ture PV. Don haka aikinka na wannan mako tara hujja ne, kuma kowace rana da ta wuce tana rage ta.

Maganar bas ɗin nan ita ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma tana da tushe a yadda na'urorin ke aiki. Iri biyu ake riƙewa a hannu. Akwai rada, wadda ke aika igiyar rediyo ta bugi mota ta dawo. Igiyar tana buɗewa yayin da take nisa: irin wadda aka fi samu, a nisan mita 100 faɗinta ya kai wajen mita 20, ya rufe hanyar gaba ɗaya har da gefenta. Idan motoci biyu suna ciki, na'urar takan ɗauki wadda ta fi dawo da igiya da ƙarfi ko wadda ta fi gudu, kuma babbar bas mai wuce ƙaramar mota ta haɗa duka biyun. Akwai kuma mai aiki da hasken leza, wadda jami'i ke leƙawa ya saita a kan mota guda. Haskenta siriri ne, faɗinsa wajen mita ɗaya a nisan mita 300, saboda haka da wuya ta rikita mota da mota, sai dai in hannun mai riƙe da ita ya kauce. Ka ga ke nan tambayar da za ka nema a amsa ita ce wace irin na'ura aka yi amfani da ita, daga wane nisa, kuma ko ta ɗauki hoton da ke nuna lambar motarka. Na'urar da ta nuna 78 kawai ba tare da hoto ba, ba ta faɗi ko 78 ɗin na wa ne ba. Kana iya tambayar ranar da aka duba daidaitonta na ƙarshe, domin duk abin awo yana buƙatar a riƙa duba shi.

Akwai maganganu biyu da ke yawo a tashoshi waɗanda muke ba ka shawara ka bar su a gida. Ta farko, wai jami'in a gefe ya tsaya, ba a gaban mota ba, don haka awon bai yi daidai ba. Gaskiya ne tsayawa a karkace na canza awo, amma rage shi yake yi, wato direba ne ke cin riba. Ta biyu, wai dole a cire kilomita 5 daga abin da na'ura ta nuna. Wannan ƙa'idar Faransa ce ga na'urorinsu na kafe, kilomita 5 idan gudun bai kai 100 ba. Ko da an cire maka, 73 ya rage, laifin yana nan.

Yanzu shaidu. Kai mai sa'a ne da kake ɗauke da fasinja. Nemi biyu ko uku daga cikinsu, musamman wanda ya zauna gaba, tun ba su manta ba, ka karɓi cikakken suna da lambar waya, ka tambaye su ko za su yarda su zo kotu. Fasinjan da ba ka da wata alaƙa da shi ya fi yaron motarka ko ɗan'uwanka nauyi a idon alƙali. Kada ka koya wa kowa abin da zai faɗa. Shaida rantsuwa yake yi, shaidar zur kuma laifi ne da ya fi tarar gudu nauyi nesa ba kusa ba. Wanda ya ce "na ga bas ta wuce mu a daidai lokacin da aka ɗaga mana hannu" ya yi maka amfani fiye da wanda ya ce ya ga allura a kan 50 alhali a kujerar baya yake. In motar na da na'urar bin sawu, kamar yadda ake sa wa motocin kamfanoni da ƙungiyoyi, a buga maka bayanin wannan rana da awa da gudu a takarda. Wannan rubutacciyar hujja ce mai kyau ƙwarai.

Sannan ka koma wurin da rana. Iyakar gudu ta cikin gari tana farawa ne daga allon shiga gari. Ɗauki hoton allon, da inda jami'an suka tsaya, da inda motarka take lokacin da aka auna ta, ka auna tazarar da agogon kilomita. Idan allon ya faɗi, ko ya goge, ko bishiya ta rufe shi, ko kuma an auna ka tun ba ka iso shi ba, hoton ya nuna haka a fili tare da wani abin da za a gane wurin da shi.

Karanta takardar da aka ba ka layi-layi, ko ka sa wanda ya iya Faransanci ya karanta maka: rana, awa, wuri, lambar mota, gudun da aka rubuta, iyakar da aka ce ka wuce, sunan jami'i da sa hannunsa, da wa'adin da aka ba ka. Kuskuren harafi ɗaya a sunanka ba zai ɓata ta ba. Lambar mota da ba taka ba, ko rashin rubuta wurin, ko rashin rubuta gudun, su ne masu nauyi. Yi mata fotokofi biyu, kada ainihin ya bar hannunka.

Kafin wa'adin ya cika, je ofishin jami'an da suka tare ka, ka gaida shugaban wurin, ka faɗa masa cikin ladabi cewa ba ka yarda da laifin ba, kana roƙon a tura PV ga mai shigar da ƙara na gwamnati. In an ba ka takarda don ka sa hannu, rubuta « je conteste l'infraction », wato ban yarda da laifin ba, a saman sa hannunka. A nan harshe ke kai mutum ga halaka: zagi ko barazana ga jami'in da ke bakin aiki babban laifi ne da kan kai gidan kaso, haka ma miƙa masa na goro don ya mayar maka da fermi. Daga nan ka rubuta wa mai shigar da ƙara gajeriyar wasiƙa da Faransanci, shafi ɗaya ya isa: wane ne kai, lambar takardar, rana da wuri, dalilin jayayyarka a jimla uku ko huɗu, sunayen shaidu, da roƙon a mayar maka da fermi kafin ranar shari'a tunda da shi kake ci da iyali. Haɗa kofin fermi in kana da shi, da kart giriz, da asirans, da hotuna. Kai kofi biyu na wasiƙar, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan guda ka dawo da ita.

Nijar ba ta da wata kotu ta musamman don laifukan hanya. Kotun da aka saba ce ke zama a kan ƙananan laifuka, kuma galibi ta yankin da abin ya faru, ba ta garin da kake zaune ba. Ƙonni da Tawa kowanne na da babbar kotu, akwai kuma ƙanana a wasu garuruwan, saboda haka tambayi magatakardan kotu ina takardarka za ta faɗa. Hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, tana da ofis a manyan kotuna inda ake ba da shawara kyauta, kuma a can za ka iya samun wanda zai duba maka wasiƙar. Ba dole ne ka ɗauki lauya a ƙaramin laifi ba, kuɗinsa ma kan fi tarar.

Mai shigar da ƙara na iya ajiye maganar in ya ga hujjarka ta yi ƙarfi, yana kuma iya aiko maka da sammaci. Ranar zama ka zo da wuri da shaidunka da ainihin takardu. Da Faransanci ake shari'a, amma kana da haƙƙin a ba ka tafinta, ka nema tun farko, kada kunya ta sa ka amsa tambayar da ba ka fahimta ba. Tsaya a kan magana guda: ba ka musun cewa na'ura ta nuna 78, kana cewa ba motarka ta auna ba, ga shaidu, ga hoto. Kada ka ce "ko na wuce ma kaɗan ne", don wannan amsa laifi ne. Kada kuma ka zargi jami'an da neman kuɗi in ba ka da hujja a hannu.

Ka yi lissafi da idon basira. In ka faɗi, alƙali ba ya ɗaure da adadin da aka nema a bakin hanya, yana iya yanke fiye da shi cikin iyakar doka, a ƙara maka kuɗin shari'a, ga kwanakin aikin da ka rasa da kuɗin motar shaidu. A ganinmu, in kana da fasinja biyu da suka ga bas ɗin kuma na'urar ba ta da hoto, jayayyar ta cancanci wahalarta. In kai kaɗai ne da rantsuwarka, biya a inda doka ta ce, ka karɓi rasit mai lamba da hatimi.

In ka zaɓi kotu, kada ka ƙi zuwa ranar da aka sa maka, domin za a yanke hukunci a bayan idonka. Wa'adin ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi gajere ne, kwana 10, kuma ba kowace ƙaramar tara ce ake ɗaukaka ƙara a kanta ba. Ranar da aka yanke hukuncin, kafin ka bar harabar kotu, shiga wurin magatakarda ka tambaye shi ko naka yana cikin waɗanda ake iya kaiwa kotun ɗaukaka ƙara ta Tawa, da ranar ƙarshe da za ka iya yin haka.