Amsa: fankshin ɗin Excel na kawo #VALUE! in an ja masa sel da yawa

Malam, ka ce ka rubuta fankshin a VBA, wato yaren rubuta kod na cikin Excel, mai lissafa kuɗin buhunan dankalin da kuke lodi a kasuwar Farin Gada ta Jos, in ka ba shi lamba ɗaya yana yi, amma da ka ja masa A2:A20 sai ya watso maka #VALUE!, wato alamar kuskure. Ai matsalar daga As Double ɗin da ka sa wa abin da fankshin ɗin ke karɓa take, ka ce masa lamba ɗaya tak zai karɓa, to in sel da yawa suka shigo ko rubutu, Excel ba ya ma barin kod ɗin ya fara aiki.

Maida abin da yake karɓa ɗin, mu kira shi x, As Variant, wato nau'in da ke karɓar komai, sai kai da kanka ka tantance abin da ya shigo. In TypeName(x) ya ce Range ne, wato sel aka ja masa, ka kwashe x.Value ka zuba a wani Variant, sannan ka duba da IsArray, in jeri ne ka bi su ɗaya bayan ɗaya da For Each. To a nan ake kwana, don sel ɗin da babu komai ciki IsNumeric zai ce maka lamba ne wallahi, shi ya sa IsError da IsEmpty su za ka fara sa wa. Ga kuma yaran shago masu rubuta "50 buhu" a sel ɗin lamba, wannan rubutu ne, ni dai ba na tsallake shi shiru, gara fankshin ya dawo da CVErr(xlErrValue), wato #VALUE!, a gani a gyara. Amma fa sai shi kansa fankshin ɗin ka sa masa As Variant kafin ya iya dawo da CVErr ɗin.