Amsa a kan keke mai giya ɗaya da keke mai kafaffiyar giya

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Ƙanena, na saurari tambayarka cewa kana so ka sayi keken zuwa wurin aiki daga Mabera zuwa Babbar Kasuwa a cikin Sakkwato saboda kuɗin kabu-kabu ya yi maka yawa, kuma ka ga samarin Turai a bidiyo suna hawa keke mai kafaffiyar giya har ya ba ka sha'awa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mutane da yawa suke wannan lissafin, saboda haka zan yi bayani yadda kowa zai amfana.

Kekuna biyu ne ake haɗawa a magana ɗaya, alhali ba ɗaya ba ne. Keke mai giya ɗaya shi ne wanda iyayenmu suka hau, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, wanda yake da faifai ɗaya mai haƙora a gaba da ƙarami ɗaya a baya, kuma na bayan yana da firiwil, wato kana iya daina juya feda keken ya ci gaba da tafiya. Mai kafaffiyar giya kuwa ba shi da firiwil ko kaɗan, an ɗaure ƙaramin faifan ne a jikin cibiyar tayar baya, don haka muddin taya tana juyawa feda ma tana juyawa, kuma ƙafarka ba ta da hutu ko a gangare. Asalinsa keken tsere ne na filin da aka keɓe, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003, inda babu mota, babu akuya, babu mai tsallaka titi, shi ya sa ba a sa masa birki. Masu kai saƙonni a birnin New York na Amurka ne suka yi fice wajen fito da shi kan titi.

Shawarata ita ce ka sayi mai giya ɗaya mai firiwil da birki biyu. Mafi yawan titunan cikin Sakkwato shimfiɗaɗɗu ne, ba su da hawan da zai sa mutum ya nemi giya ashirin, kuma ƙurar hunturu babbar abokiyar gabar keke mai giya da yawa ce, domin tana shiga cikin wayoyi da ƙarfen da yake sauya sarƙa, sai giya ta riƙa tsalle tana ƙara. Mai giya ɗaya sarƙarsa ta fi kauri, tana tafiya a miƙe, kuma duk mai gyaran keke da ke bakin hanya ya san shi ciki da waje, kayan gyaransa ma ba sa wahalar samu.

Dalilin da ya sa nake tsoron kafaffiyar giya a gare ka shi ne yanayin titunanmu da irin suturarmu. Idan ɗan kabu-kabu ya yanko gabanka a shataletale, abin da jikinka zai fara yi shi ne ya daina juya feda, to a wannan keken fedar ba za ta tsaya ba, za ta ɗaga ka daga sirdi ta nemi ta jefar da kai. Idan ka kwanta sosai a kwana feda tana iya dukan ƙasa tunda ba ka da ikon tsayar da ita a sama. Abin da ya fi damuna shi ne bakin wando ko gefen doguwar riga: a keke mai firiwil idan sarƙa ta kama tufafi sai ka tsayar da ƙafa ka taka birki, amma a kafaffe sarƙar za ta ci gaba da naɗewa da dukan nauyinka da gudunka. Wannan tsayawar da kake gani a bidiyo, inda suke ƙanƙame feda tayar baya ta ja ƙasa, tana cinye taya da sauri, kuma a kan yashin da yake taruwa a gefen kwalta ba tsayawa za ka yi ba, zamewa za ka yi. Mafi yawan ƙarfin tsayar da keke daga tayar gaba yake fitowa, shi ya sa ko a Ingila doka ba ta yarda a hau kafaffe a titi babu birkin gaba ba.

Ban ce ba shi da daɗi ba. Yana da sauƙin nauyi, ba ya ƙara, kuma yana koya wa ƙafa juyi mai tsari. Idan sha'awar ta ci gaba, akwai tayar baya mai fuska biyu, gefe ɗaya firiwil, ɗaya gefen kafaffe, sai ka koya da sassafe a fili inda babu ababen hawa, da birkinka biyu a jiki.

Wajen saye ka ƙirga haƙora. Faifan gaba mai 44 da na baya mai 18 yana ba ka kimanin mita 5 da ɗoriya a kowane juyin feda idan tayar mai inci 28 ce, kuma wannan ya dace da mai ɗaukar kaya a kariya cikin zafin watan Afrilu da yake wuce digiri 40. Masu 46 da 16 sun fi gudu, amma tashi daga tsaye yana cin gwiwa. Ka tabbata akwai murfin sarƙa, ka sa taya mai kauri saboda tsidau, sannan ka danna tsakiyar sarƙa da yatsa, kada motsinta sama da ƙasa ya wuce kimanin santimita 1. Mai kaɗan za ka riƙa ɗiga mata ka goge saura da tsumma, domin mai da yawa ƙura yake tarawa. Idan ka samu wanda ya kwanta maka, ka turo hotonsa nan zauren kafin ka biya, musamman ɓangaren tayar baya. Wassalamu alaikum.