Aikin Murya a Kan Takarda Ake Fara Shi

Abu biyu ka tambaye ni, ɗana. Na farko, me ya sa nake zama da biro a kan tallar sakan 30 har shayina ya huce, alhali mai talla ya riga ya turo rubutunsa a shirye. Na biyu, ko ka tara kuɗi ka sayi babban makirfo irin na sutudiyo, tunda abin da kake ɗauka a gida ba ya fita yadda ranka ke so. Ta biyun ba ta da wuya, za mu zo kanta. Ta farkon ita ce sana'ar.

Rubutun da ake turo mana don ido aka yi shi, ba don kunne ba. Sau da yawa ma da Turanci aka fara tsara shi a Legas ko Abuja, wani ya juya shi zuwa Hausa a gurguje. Mai karanta jarida in abu ya shige masa duhu sai ya koma baya ya sake dubawa. Mai sauraren rediyo ba shi da wannan damar. Yana tuƙa A Daidaita Sahu a cikin cunkoso, ko tana madafa yara na kiranta ta ko'ina. Sau ɗaya maganar za ta gifta, in bai cafke ba ta tafi.

Ɗauki irin wanda aka saba kawo mana: "Muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma cewa kamfaninmu, wanda ya kasance a sahun gaba wajen samar da ingantaccen takin zamani, ya buɗe sabon reshe domin kusantar da ayyukansa ga abokan hulɗarsa." Karanta shi da ƙarfi ka ji. Kafin ka kai kan taki numfashinka ya ƙare, manomin da ake nema kuwa bai ma san da shi ake ba. Ni ga yadda zan mayar da shi: "Manoma, taki ya zo kusa. Ba sai kun shiga birni ba. Mun buɗe sabon shago a bakin tasha." Saƙon bai ragu ba, amma yanzu kowace jimla numfashi ɗaya ce, kuma kalmar farko ta kira mai abin da sunansa. Sai dai kada ka taɓa canza rubutun mutum a ɓoye. Ka gyara, ka tura masa, ya ce ya amince, sannan ka shiga ɗaki.

Bayan haka sai agogo. Gidan rediyo sakan yake sayarwa, in an sayi 30 to 30 ne. Masu aikin da Turanci sukan ƙiyasta kalma 150 a minti ɗaya, wato wajen 75 a rabin minti. In aka fassara waɗannan 75 ɗin Hausar takan zarce, don abin da Bature ya dunƙule a kalma guda mu sai mun warware shi. A nan ne sabon shiga yake faɗawa rami: sai ya ƙara gudu, ya riƙa haɗiye ƙarshen kalmomi don ya cusa komai. Ba gudu za ka ƙara ba, magana za ka rage. Ka kunna agogon wayarka, ka karanta da irin muryar da za ka ɗauka, ba a zuci ba, domin karatun zuci ya fi na baki sauri. Ka bar wa kiɗan buɗewa da na rufewa wurinsu. Lambar waya kuma ka yi mata lissafi na musamman. Lamba 11 ce a Najeriya, in za a faɗe ta sau biyu yadda mutum zai iya rubutawa, ta cinye wani babban yanki na tallar. Wani lokaci gara a ce "ku same mu daura da babban masallaci" a bar lambar.

Yanzu ga inda biro yake aiki sosai. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, masu bugawa a waya kuma ba su damu da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ba. Don haka kafin komai ka bi takardar ka mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa. Sannan ka nemo wuraren da rubutu ɗaya yake ɗauke da magana biyu. In ka ga "kowa ya biya kuɗinsa" a sanarwar ƙungiya, labari ake bayarwa cewa an gama biya, ko umarni ne a je a biya? A takarda duk ɗaya ne, a baki kuwa da ka ja wasalin ko ka gajarta shi ka riga ka zaɓi ɗaya. Irin wannan ba a cikin ɗauka ake yanke shi ba, tun a zaune ake sa masa alama.

Lambobi duka ka rubuta su da kalmomi, yadda za su fito daga bakinka. Kada ka bar 150,000 a tsaye ka ce za ka san yadda za ka yi in ka iso. "Dubu ɗari da hamsin" a kasuwa kowa ya gane, amma a sanarwar da ta shafi kuɗin mutane na fi son "naira dubu ɗari da dubu hamsin", don kada wani ya zo da gardama. Ka kuma tambayi mai aikin ina za a saka tallar. In za ta tsallaka Maraɗi ko Damagaram, lissafin ya sauya: can da dala ake ƙirga sefa, biyar-biyar, sefa 500 ita ce dala ɗari, 1,000 kuma jika guda. Ka karanta musu "ɗari biyar" ka ninka farashin sau biyar ba ka sani ba. Kalmomin aro ma haka, namu daga Turanci suke, nasu daga Faransanci. In saƙon na kowa da kowa ne ka tsaya a kan daidaitacciyar Hausa. In na Sakkwatawa ne zalla, kai kuma harshenka bai iya ba, ka nemo ɗan gida ya yi. Kwaikwayon karin wasu in bai nuna ba, ba'a yake zama.

Sunan kaya da sunan mutum ba a cinta. Ka ce mai shi ya faɗa maka da bakinsa ta saƙon murya.

Alamomina ka riga ka gan su. Karan tsaye ɗaya, ɗan numfashi. Biyu, tsayawa sosai. Layi a ƙarƙashin kalma, nan nauyin jimlar yake, kuma kalma ɗaya tak a kowace jimla. In ka danna komai, ba abin da ya fito. Ka buga da manyan haruffa masu sarari, ka tabbata jimla ba ta karye a ƙarshen shafi ba. In takardun biyu ne ka shimfiɗa su gefe da gefe, don makirfo yana jin motsin takarda fiye da yadda kake zato.

Karatun kansa fa? Na saurari abin da ka ɗauka. Muryarka ba ta da laifi, amma ba kai ne kake magana ba, wani mai karanta labaran duniya kake aro. Ban ga laifinka ba, duk da waɗannan muryoyin aka raine mu. Sashen Hausa na BBC yana nan tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, Muryar Amurka ta bi sahu a 1979, sannan daga lokacin da Freedom ta buɗe a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa. Abin da wannan yake nufi gare ka shi ne kunnen mutanenmu ya goge. Tsohuwa a ƙauye tana rarrabe mai karatu da mai magana. Muryar labarai ta labarai ce. Tallar sabulu, sanarwar ɗaurin aure, ta'aziyya, kiran iyaye su kai yara rigakafi, kowanne da muryarsa. Abin da nake yi shi ne in zaɓi mutum ɗaya da na sani, in sa shi a gabana, in gaya masa. In rigakafi ne, ƙanwata mai goyo nake wa magana, ba "jama'a" ba. Ka miƙe tsaye, ka bar hannunka ya yi motsi yadda yake yi in kana hira. Murmushi ana jin sa a murya, ɗaure fuska ma haka.

In kuwa ɗora murya ne a kan wani mai magana da wani harshe, kamar yadda ake yi a rahotanni, ka bar shi ya fara a ji muryarsa na ɗan lokaci, a sassauta ta, ka shigo, ka kuma gama kafin ya gama. Fassarar finafinan Indiya wata sana'a ce daban, can bakin ɗan wasa kake bi. Wannan sai wani zaman.

To, makirfo. Kada ka saya tukuna. Abin da ke ɓata maka aiki ɗakinka ne: siminti tsirara, tayil, silin mai tsawo, murya tana dukan bango tana dawowa. Makirfo mai tsada, musamman irin mai buƙatar wutar bolt 48 daga na'urar haɗi, ya fi mai arha jin komai, saboda haka amsa-kuwwar da kukan akuyar maƙwabta za su ƙara fitowa ne tangaran. Ka tafa hannu a tsakiyar ɗakin, in ka ji wata 'yar ƙara ta biyo baya, akwai aiki. Jingina katifa a bango, rataya bargo a bayanka, shimfiɗa darduma mai kauri, ko ka buɗe durowar kaya ka fuskanci tufafin. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙarar waje shigowa, kada ka wahalar da kanka. Kashe fanka ko da zafi zai dafa ka. Janareta ya yi nisa, in da hali ma ka cire cajar kwamfuta ka yi aiki da batir, don wutar layi takan saka wani gunji a ƙarƙashin murya. Waya a kashe ta ko a kai ta wani ɗaki. Ka san lokutan kiran salla a unguwarku ka tsara aikinka a tsakaninsu. Kuma ranar ɗauka ba ranar sabuwar shadda ba ce, ƙarar sitacinta kaɗai ta isa ta sa a sake aiki.

Tsakanin bakinka da makirfo ka bar kamar santimita 15 zuwa 20, ka ɗan kauce gefe kaɗan. Harafin f namu da leɓɓa biyu muke yin sa, iska yake hurawa kai tsaye, ƙ da ts kuma suna fita da ƙarfi. 'Yar rariyar nan da ake sawa a gaba ita ke tare su, in babu ka ɗaura safa mai shara-shara a zoben waya. Da hunturu leɓe yana bushewa, baki ya riƙa ƙas-ƙas, sai ka ajiye ruwa mai ɗumi kusa. Goro da fura ka bari sai an tashi.

Wajen na'ura abin kiyayewa kaɗan ne. Manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta ishe ka; mu da muka fara da Cool Edit, wadda ta koma Adobe Audition a 2003, ba mu da rabin abin da take yi yanzu. Ka ɗauka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ka saita shi a kan 48,000 Hz in aikin bidiyo ne. Kada allurar sauti ta taɓa ja, ka bar ƙololuwarta wajen 6 ƙasa da sifili a ma'aunin sautin, don murya in ta fashe ba ta gyaruwa. Kafin ka fara ka ɗauki shirun ɗakin na rabin minti, da shi za ka cike gurbin da ka yanke. In ka yi tuntuɓe kada ka tsayar, ka tafa sau ɗaya, ka koma farkon jimlar. Tafin zai fito a allo ka gane wurin. Kada ka goge numfashi duka, mutum ne ke magana. In ka gama ka saurara ta lasifikar ƙaramar waya, don a irinta yawancin mutane za su ji. Wajen turawa ta WhatsApp ka aika shi a matsayin fayil, kada ka sake naɗa shi a saƙon murya, matse shi ake yi.

Saura abu biyu da ba na na'ura ba. Tallar magani, in ba ka ga lambar rajistar NAFDAC ba, kada ka sa bakinka, komai kuɗin. Mai maganin ba wanda ya san fuskarsa, muryarka za a riƙe. Sannan kafin ka buɗe baki ku yi magana a rubuce: tashoshi nawa, wata nawa za ta yi tana tafiya, gyara sau nawa ne kyauta, kuma in shi ya canza rubutu bayan an ɗauka, sabon ciniki ne. Ka karɓi rabi kafin aiki. Samfurin da za ka tura masa ya ji, ka bar shi a MP3 mara nauyi, cikakken sai ya cika.

Akwai sanarwar wata makarantar Islamiyya a kan teburina, sakan 45 suka saya, rubutun ya kusa shafi guda. Ka ɗauka ka rage ta, ka sa mata alamomi, ka kawo mini gobe bayan la'asar mu karanta da agogo.