Saniya tana karɓar bijimi amma ba ta riƙe ciki: amsa ga masu kiwo a Legas

Wani Alhaji mai turke a wajen Epe ya aiko da tambaya. Ya sauko da shanu Bunaji daga Arewa, uku daga cikinsu ana barbararsu amma bayan 'yan makonni sai su koma neman bijimi. Ɗansa ya karanta a waya cewa matsalar a ƙwayoyin gado take, wato abubuwan da ke cikin jiki waɗanda ɗa ke gada daga iyayensa. Alhajin yana tambaya ko juya ce, ya loda su zuwa mayankar Oko-Oba da ke Agege ya huta.

Alhaji, don Allah ka dakata tukuna. Maganar ƙwayoyin gado gaskiya ce, sai dai ba yadda aka fahimce ta ba. A shekarar 2009 masana suka fitar da cikakken jerin ƙwayoyin gadon saniya, wata 'yar jinsin Hereford, suka ƙirga kusan 22,000. Kowane sashe na jikin saniya yana ɗauke da su duka, amma ba duka ke aiki lokaci ɗaya ba. Kamar kasuwar Mile 12 ne: rumfuna suna nan a wurinsu, amma wace aka buɗe, wace aka rufe, ya danganta da lokaci da kayan da suka shigo. Binciken da ake yi yanzu shi ne a gano waɗanne ake buɗewa a mahaifa, da ƙwan saniya, da maniyyin bijimi, kuma me ke rufe su. Abin da ke fitowa a kai a kai shi ne yunwa, zafi da ciwo suna da hannu sosai a ciki.

Ga yadda abin ke tafiya. Kwana bakwai bayan barbara, ɗan tayin bai kai ƙwayar gero ba. Wajen kwana 15 zuwa 17 sai ya miƙe kamar zare a cikin mahaifa, ya riƙa fitar da wani sinadari mai suna intaferon tau. Wannan ita ce sallamar da yake yi wa uwarsa. Idan ta ji, wasu ƙwayoyin gado a bangon mahaifa za su tashi, su hana sakin sinadarin da ke rushe wani ƙululu na jakar ƙwai mai samar da furojestaron, wato abin da ke riƙe ciki. Idan tayin ya yi rauni ko ya makara, sallamar ba za ta isa ba, jikin saniya ya ɗauka babu kowa, ta koma neman bijimi. Kai kuma ka ce ba ta ɗauka ba, alhali ta ɗauka, cikin ne ya lalace tun ba a gan shi ba.

Don haka ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar barbara da ranar da ta dawo. Zagayen saniya kwana 21 ne, yakan ɗan ragu ko ya ƙaru. Idan tana dawowa tsakanin kwana 18 zuwa 24, ko ba ta ɗauka ba ne ko tayin ya mutu da wuri. Idan sai bayan kwana 25 zuwa 35, sau da yawa tayin ya yi sallama ne daga baya ya mutu. Wannan ɗan rubutun zai rage wa likitan dabbobi rabin aiki.

Sannan ka shafa tafin hannunka a haƙarƙarinta. In kana jin ƙasusuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙugunta ya fito, ga ta kuma tana shayarwa, jikinta zai fifita nono a kan sabon ciki. Ciyawar Legas kore ce shar, amma ruwa ya yi mata yawa, tana cika tumbi ba ta gina jiki yadda ido ke zato. A ƙara mata dusa, ƙuli-ƙulin angurya da gishirin lasa. Ɓawon rogo yana da amfani, amma sai an shanya shi ya bushe sarai. Kuma a duba jininta saboda sammore. Bunaji ba ta jure cizon tsando kamar Muturu ko Ndama, ciwon kuwa yakan zauna a ɓoye yana cin jiki yana hana haihuwa.

Wata Hajiya daga Ikorodu mai shanun madara, ruwa-biyun Friziyan, ta ce daga Fabrairu zuwa Afrilu shanunta ba sa ɗaukar ciki ko da allurar maniyyi aka yi musu.

Hajiya, zafi ne. Ki leƙa su da azahar: baki a buɗe, yawu na dalala, ciki na bugawa da sauri, an bar abinci. Laimar Legas ba ta barin jiki ya huce ko da dare. A wannan halin ƙwayoyin jiki suna karkata ga kare kansu daga zafi, ƙwan saniya ya lalace tun kafin barbara, tayin kwanakin farko kuma shi ya fi kowa rauni. Ki ɗaga rufin garken, a bar iska ta ratsa, ruwan sha kada ya yanke, a watsa musu ruwa da rana. Makonni ukun farko bayan allura kada a ɗora su a mota, kada a yi doguwar tafiya da su. In kina da sa, ki sani maniyyi yana ɗaukar kusan kwana 60 kafin ya haɗu, saboda haka zazzaɓin da ya yi yau zai iya hana shi aiki har wata biyu.

Akwai kuma inda laifin na gado ne tsantsa. A shanun Holstin, dangin Friziyan, an gano wani lahani da ake kira HH1, aka bi salsalarsa zuwa wani bijimi da aka haifa a Amurka a 1962. Idan ɗan tayi ya gaje shi ta uwa da uba, cikin zubewa yake yi. Ki nemi mai sayar miki da maniyyi ya nuna takardar bijimin, haƙƙinki ne.

Wani matashi kuma ya tambaya ko akwai gwajin jini mai nuna ciki tun kafin wata guda. Masu bincike suna iya ganin tashin wasu ƙwayoyin gado, irin su ISG15, a jinin saniya wajen kwana 18 zuwa 20, amma wannan aikin ɗakin gwaji ne. Abin da mai kiwo zai dogara da shi shi ne gwajin jini na ciki daga kwana 28, ko na'urar hoton ciki daga wajen kwana 30. In kuwa saniya ta yi ɓari cikin ya girma, wata shida ko bakwai, ka yi zargin bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kuma kama mutum. Kada ka taɓa mabiyiyar da hannu tsirara, a binne ta da zurfi, a ware saniyar, a tafasa nononta kafin kowa ya sha, sannan a kira likita.